BABI NA HUƊU: DURƘUSHEWAR MANHAJA YAYIN RUFE FOM, MUSABBABANTA DA HANYOYIN GANO TA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ake gina rumbun bayanai da manhajar Microsoft Access, tun daga tsara jadawali har zuwa ƙirƙirar fom ɗin da ma'aikaci yake shigar da bayanai ta cikinsa. A wannan babi kuwa za a duba wata matsala da takan addabi masu aiki da irin wannan rumbu, wato durƙushewar manhaja a daidai lokacin da aka danna maɓallin rufe fom. Za a fara da bayyana yanayin da ake aiki a cikinsa a ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, sannan a bi diddigin abin da ke gudana a cikin manhaja daga danna maɓalli zuwa ɓacewar fom daga allo. Daga nan sai a kawo musabbaban matsalar da matakan gano ta. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, rufe fom jerin ayyuka ne da ke bin juna bisa wani tsari tsayayye, kuma wanda ya san wannan tsari zai iya gano inda cutar take ba tare da ya goge kwamfuta ko ya yi asarar bayanai ba.

A nan, kalmar "layi" tana nufin dukkan bayanin da ya shafi mutum ɗaya ko abu ɗaya a cikin jadawali, "gurbi" kuma yana nufin wuri ɗaya a cikin layin, kamar gurbin suna ko na kwanan wata. "Magini" shi ne wanda ya tsara rumbun ya kuma rubuta umarnin da ke tafiyar da shi.

4.1 Yanayin da Ake Aiki a Cikinsa

Ƙananan hukumomin nan huɗu suna cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, kuma a tsakaninsu suna da mazaɓu 50: Bebeji 14, Ƙiru 15, Tudun Wada 11, Doguwa 10. Ƙasa ce ta noma mai faɗi. A Bebeji ne madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka kammala a 1974. Dajin Falgore ya ratsa Tudun Wada da Doguwa, sannan hedikwatar Doguwa, wato Riruwai, tana can ƙarshen kudancin jihar cikin duwatsun da aka daɗe ana haƙar kuza. Wannan nisa yana da tasiri a kan batun da ake magana, domin ma'aikacin da manhaja ta durƙushe masa a Riruwai ba zai iya jiran wani gwani ya taso daga birnin Kano ba duk lokacin da allo ya daskare.

Misali mafi kusa na aiki da rumbun bayanai a wannan yanki shi ne na kiwon lafiya. Kowace cibiyar lafiya tana da rajistocin takarda na rigakafi da awon ciki da haihuwa. A ƙarshen wata ana tattara alƙaluman a fom ɗin taƙaitawa, a kai wa jami'in kula da alƙaluma na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar da su cikin kwamfuta. Manhajar da aka riƙa yin wannan aiki da ita a baya a jihohi da dama na Nijeriya ita ce DHIS 1.4, wadda asalinta daga Afirka ta Kudu ne, kuma a kan Microsoft Access aka gina ta. Daga baya aka koma DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe take jagorantar ginawa, aka fara aiki da ita a Jihar Kerala ta Indiya a 2006, Nijeriya kuma ta amince da ita a matsayin rumbun alƙaluman lafiya na ƙasa a 2013. DHIS2 ta intanet take aiki. To amma ƙananan rumbuna, irin na lissafin magunguna a sito, da sunayen ɗalibai, da rajistar mambobin ƙungiyar manoma, da bin sawun yaran da ba su kammala rigakafi ba, irinsu ne aka fi ginawa da Access, saboda ba ta bukatar intanet kuma mutum ɗaya yana iya gina ta.

Abin da ke cikin waɗannan layuka ba wasa ba ne. Yaro yana karɓar allurar Penta sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14. Ta hanyar kwatanta waɗanda suka karɓi ta farko da waɗanda suka karɓi ta uku ne ake sanin yaran da suka ɓace a hanya. Jihar Kano ta san darajar wannan lissafi, domin yaro na ƙarshe da aka samu da cutar shan inna ta daji a jihar an same shi ne a Sumaila, maƙwabciyar Tudun Wada, a watan Yuli na 2014, bayan shekaru ana bin gida gida. Layi ɗaya da ya salwanta yayin rufe fom yana iya zama yaro ɗaya da ba za a bi sawunsa ba.

4.2 Abin da Ke Faruwa Idan Aka Rufe Fom

Ga mai kallo, rufe fom ƙiftawa da bismilla ne. A cikin manhajar kuwa akwai matakai da ke bin juna kamar haka:

(a) Matakin tantancewa. Idan akwai abin da aka rubuta ba a riga an adana ba, Access za ta duba ko ya cika ƙa'idojin jadawali.

(b) Matakin adanawa. Idan layin ya cika ƙa'ida, sai a rubuta shi cikin fayil.

(c) Matakin fita daga gurbin da alamar rubutu take.

(d) Matakin sauke layuka. A nan fom yake sakin layukan da ya ɗauko daga jadawali. Wannan ne wuri na ƙarshe da umarnin magini zai iya hana rufewar.

(e) Matakin janyewa, inda fom yake miƙa ragama ga wata taga.

(f) Matakin rufewa, inda fom yake ɓacewa daga allo. Wannan ba a iya dakatar da shi.

A kowane ɗaya daga cikin matakan nan magini yana iya rataya umarnin da ya rubuta da harshen Visual Basic, kuma umarnin zai gudana ne a daidai matakin da aka rataya shi. Ke nan abin da umarni zai tarar a mataki na (a) ba shi zai tarar a mataki na (f) ba, domin a tsakani an riga an saki wasu abubuwa.

Akwai kuma wani tsari da ya kamata a lura da shi dangane da fom mai ɗauke da ƙaramin fom a cikinsa. Alal misali, babban fom yana nuna sunan yaro da unguwarsu, ƙaramin fom kuma yana jera alluran da aka yi masa. Wajen buɗewa, ƙaramin fom ne yake fara ɗauko layukansa kafin babba. Wajen rufewa kuwa, babban fom ne yake fara tafiya, sannan ƙaramin ya biyo baya. Wato ƙaramin fom shi ne farkon zuwa, shi ne kuma ƙarshen tafiya. Yawancin masu koyon gini sukan ɗauka akasin haka ne, kuma daga wannan zato ne kurakurai da yawa suke tasowa.

4.3 Ire-iren Alamun Matsalar

Ma'aikata sukan haɗa komai su ce "kwamfuta ta ƙi". Amma mai bincike dole ya rarrabe alamun, domin kowace tana nuni zuwa wani wuri daban. Ana iya kasa su gida huɗu.

Na farko, saƙon kuskure mai lamba ya fito, manhaja kuma tana nan da ranta. Wannan shi ne mafi sauƙi, domin lambar ita ce bakin zaren.

Na biyu, allo ya daskare, linzami ya yi ta juyawa, babu abin da ke amsawa. Wannan yakan nuna cewa manhaja tana jiran wani abu ne, ko fayil ɗin da ke wata kwamfuta, ko kuma wani umarni da ke zagaye a wuri ɗaya.

Na uku, Access ta ɓace gaba ɗaya, ko Windows ta sanar da cewa ta daina aiki. Wani lokaci kuma tagar takan rufe amma manhajar ta maƙale a ɓoye, ta riƙe fayil, ta hana a sake buɗe shi.

Na huɗu, fom ya rufe lafiya lau, babu saƙo, babu daskarewa, amma layin ƙarshe da aka rubuta bai shiga jadawali ba. Wannan nau'i ya fi sauran haɗari nesa ba kusa ba, saboda babu wanda zai kai ƙara. Sai ranar da aka zo kwatanta rajistar takarda da abin da ke cikin kwamfuta sannan a ga giɓi, a lokacin kuwa rahoton wata ya riga ya tafi.

4.4 Musabbaban Matsalar

4.4.1 Layin da Bai Cika Ƙa'ida Ba

A ɗauka ma'aikaci ya rubuta sunan yaro da allurar da aka yi masa, ya manta da ranar haihuwa, alhali magini ya sa wannan gurbi ya zama wajibi. Ko kuma ya ba yaron lambar kati da wani yaro ya riga ya riƙe. A matakin tantancewa layin zai faɗi. Lambar kuskure 3314 tana nufin an bar gurbin wajibi babu komai, 3022 tana nufin an maimaita lambar da ba a yarda a maimaita ba, 2169 kuwa gargaɗi ne cewa ba za a iya adana layin ba kuma idan aka ci gaba da rufewa za a rasa shi.

Idan ma'aikaci ya rufe fom da alamar rufewa da ke kusurwar taga, yakan ga wannan gargaɗi. To amma a tsofaffin nau'o'in Access, irin su na 97 da 2000 da 2003, idan magini ya yi nasa maɓallin na "Rufe" ya rataya masa umarnin rufewa kawai, manhajar takan watsar da layin da bai cika ƙa'ida ba, ta rufe fom ɗin shiru. Allen Browne, wani masanin Access ɗan ƙasar Ostireliya, yana cikin waɗanda suka yi bayanin wannan aibi dalla-dalla. Maganinsa shi ne a tilasta adana layin kafin a ba da umarnin rufewa, ta hanyar rubuta Me.Dirty = False a gabansa. Idan adanawar ta faɗi, kuskure zai fito fili, fom kuma ba zai rufe ba sai an gyara. Wannan ɗabi'a tana da kyau a kowane nau'in Access aka yi gini.

4.4.2 Umarnin da Ke Kiran Abin da Ya Riga Ya Tafi

Wannan shi ne musabbabin da ya fi yawa a rumbunan da masu koyo suka gina. Ƙaramin fom na allurai, a matakinsa na sauke layuka, yana ƙoƙarin rubuta jimillar allurai a wani gurbi na babban fom. Amma kamar yadda aka nuna a 4.2, babban fom ya riga ya tafi. Sakamakon shi ne kuskure mai lamba 2452 ko 2467. Haka nan idan fom ɗin bincike yana ƙoƙarin sabunta jerin sunaye a wani fom da ma'aikaci ya riga ya rufe, za a sami kuskure 2450. Idan kuma aka sa umarnin rufe fom a tsakiyar wani mataki da bai ƙare ba, kamar matakin tantancewa, sai 2585 ta fito.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan ƙaramin kuskure yake zama durƙushewa a ofis alhali magini bai taɓa ganinsa haka ba. A kwamfutar magini akwai cikakkiyar Access, wadda idan umarni ya yi tuntuɓe takan tsaya ta nuna layin da ya jawo. A kwamfutar ofis kuwa sau da yawa akan saka nau'in Access na kyauta wanda yake gudanar da rumbu kawai ba ya gini. A wannan nau'i, duk kuskuren da magini bai tanadi yadda za a tare shi ba yana rufe manhajar ne ɗungurungum. Saboda haka kuskure ɗaya yana da fuska biyu, kuma maganar magini cewa "a wurina yana aiki" ba hujja ba ce.

4.4.3 Agogon Fom da Kayan Aro

Wasu fom suna da agogo na ciki wanda ke gudanar da wani umarni duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, misali domin nuna lokaci ko sabunta jimilla. Idan agogon ya buga a tsakiyar rufewa, umarninsa zai nemi gurabun da ake cikin saki. Maganinsa shi ne a mayar da tazarar agogon sifili a matakin sauke layuka.

Kazalika magini yakan buɗe wasu abubuwa ta cikin umarni, kamar tarin layuka ko takardar Excel da za a zuba rahoton wata a cikinta. Duk abin da umarni ya buɗe, wajibi ne umarni ya rufe shi ya kuma sake shi. Rashin yin haka yana cikin abubuwan da ke sa manhaja ta maƙale a ɓoye bayan tagarta ta rufe.

Sai kuma kayan aro, wato ƙananan na'urorin allo da ba na Access ba ne amma aka dasa su a fom. Sanannen misali shi ne kalandar zaɓen kwanan wata da ta zo da tsofaffin nau'o'i, wadda Microsoft ta cire daga Access 2010. A wannan shekara ce kuma aka fara fitar da Office mai bit 64, wanda ba ya ɗaukar kayan aro masu bit 32. Rumbun da aka gina a tsohuwar kwamfuta aka kwafe shi zuwa sabuwa yana iya buɗewa, ya yi aiki, sannan ya faɗi wajen rufe fom ɗin da ke ɗauke da irin wannan kaya.

4.4.4 Lalacewar Fayil

Access tana ajiye komai a fayil ɗaya, mai ƙarshen suna .mdb a tsofaffin nau'o'i ko .accdb daga 2007. Duk lokacin da za ta rubuta wani abu takan sa alama a kan fayil ɗin cewa ana cikin rubutu, ta cire alamar idan ta gama. Idan wuta ta ɗauke, ko aka zare filashi, ko igiyar sadarwa ta katse kafin a gama, alamar za ta zauna, kuma wani sashe na fayil ɗin yana iya zama rabi da rabi. Tunda matakin adanawa yana cikin matakan rufe fom, a nan ne ɓarnar da ta daɗe a kwance takan bayyana. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

A nan ne yanayin yankin yake shigowa. Wutar lantarki a karkarar kudancin Kano ba ta da tabbas, ofisoshi sukan koma janareta, kuma 'yan daƙiƙoƙin da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta sun isa su lalata fayil idan batirin na'urar riƙe wuta ya mutu. Zafin bazara na watannin Maris zuwa Mayu, haɗe da ƙurar hunturu da ta toshe fankar kwamfuta, yana sa na'ura ta kashe kanta. Sannan akwai ɗabi'ar buɗe rumbu kai tsaye daga filashin da ke yawo tsakanin ofis da shagon buga takardu, wanda ke ɗauko ƙwayoyin cutar kwamfuta. Bugu da ƙari, fayil ɗin Access ba ya wuce gigabait 2. Idan ana cusa hotunan mutane a cikinsa yakan kumbura da sauri, kuma idan ya kusa wannan iyaka adanawa takan fara faɗuwa. Lambar 3343, wadda ke cewa ba a gane tsarin fayil ɗin ba, ita ce alamar da aka fi sani ta wannan lalacewa.

Ya kamata a sani cewa lalacewa iri biyu ce. Akwai ta bayanai, wadda ke cikin jadawali, akwai kuma ta fom ɗin kansa ko ta fassarar umarninsa da manhaja ta ajiye. Ta biyun ba ta taɓa ko layi ɗaya na bayanai, amma ita ce ta fi sa Access ta ɓace gaba ɗaya.

4.4.5 Sabuntawar da Ta Zo da Aibi

Wani lokaci laifin ba na magini ba ne, ba kuma na ma'aikaci ba. A 2018, bayan wata sabuntawar Windows 10, rumbunan da mutane da yawa ke buɗewa daga kwamfuta ɗaya ta hanyar sadarwa suka riƙa ba da saƙon cewa fayil ya rikice. Haka kuma sabuntawar Office ta ranar 12 ga Nuwamba 2019 ta sa wasu umarnin gyaran layuka suka riƙa faɗuwa da lambar 3340, har sai da Microsoft ta fitar da gyara. Darasin shi ne, idan rumbun da ya shekara yana aiki lafiya ya fara faɗuwa rana ɗaya a kwamfutoci da yawa, to a fara tambayar abin da ya canja a daren jiya.

4.5 Matakan Gano Matsalar

Ƙa'idar bincike ita ce a fara da abin da ba ya ɓata komai, a kuma canja abu ɗaya tak a kowane gwaji. Wanda ya canja abu uku a lokaci ɗaya, ko matsalar ta tafi bai san abin da ya kore ta ba.

Mataki na 1: A kwafi fayil ɗin. A rufe Access, a tabbatar ba ta maƙale a ɓoye ba, a yi kwafi biyu, a rubuta kwanan wata a sunansu. Duk gwajin da zai biyo baya a kan kwafi za a yi shi. Idan an ga ƙaramin fayil mai ƙarshen suna .ldb ko .laccdb ya rage a gefen rumbun alhali kowa ya fita, wannan shaida ce cewa rufewar da ta gabata ba ta lafiya ba ce.

Mataki na 2: A kwatanta layuka goma na ƙarshe da rajistar takarda. Wannan ne kaɗai zai nuna ko an yi asarar shiru irin wadda aka bayyana a 4.3.

Mataki na 3: A rubuta alamar yadda take. Wane fom ne, wane maɓalli aka danna, wace lamba ta fito, kuma an rubuta wani abu kafin rufewar ko kallo kawai aka yi. Idan babu saƙo, a duba littafin aukuwa na Windows, inda durƙushewar manhaja take shiga da lambar 1000 tare da sunan sashen da ya faɗi. Idan sunan na wani kayan aro ne ko na direban firinta, to an gano mai laifi.

Mataki na 4: A yi tambayoyi uku masu raba hanya. Fom ɗaya ne ke faɗuwa ko duka? A kwamfuta ɗaya ne ko a kowace? A kan layi ɗaya ne ko kowane layi? Fom ɗaya a kowace kwamfuta yana nuni ga umarni ko lalacewar fom. Kowane fom a kwamfuta ɗaya yana nuni ga na'urar ko Office ɗin da ke cikinta. Layi ɗaya tak kuwa yana nuni ga lalacewar bayanai, musamman a gurabun dogon rubutu.

Mataki na 5: A buɗe rumbun ana danne da maɓallin Shift, domin a tsallake umarnin farawa. Sannan a yi kwafin fom ɗin, a cire masa dukkan umarni, a gwada rufe shi. Idan ya rufe lafiya, cutar tana cikin umarni. Sai a riƙa mayar da umarnin mataki ɗaya bayan ɗaya, ana farawa da na sauke layuka da na rufewa da na agogo, har a kai ga wanda ya dawo da matsalar. Idan fom ɗin yana da ƙananan fom, su ma a cire su a riƙa mayarwa ɗaya ɗaya.

Mataki na 6: A duba jerin ɗakunan karatun da umarni ya dogara da su. Duk wanda aka yi wa alamar ɓata, a cire shi ko a saka shi, sannan a sa manhajar ta tantance umarnin gaba ɗaya.

Mataki na 7: Idan fom marar umarni ma yana faɗuwa, a buɗe Access da kalmar /decompile domin ta zubar da tsohuwar fassarar umarni, a sake tantancewa, sannan a gudanar da aikin matsewa da gyarawa. Wannan aiki yana gina sabon fayil ne ya maye gurbin tsoho, don haka kada a fara shi sai kowa ya fita daga rumbun kuma akwai tabbacin wuta.

Mataki na 8: Idan duk wannan bai yi ba, a buɗe sabon rumbu fanko a jawo jadawalai da fom ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙi jawuwa shi ne lalatacce, sai a sake gina shi ko a ɗauko shi daga tsohon kwafi.

Goge kwamfuta da sake saka Windows, wanda shi ne abin da masu gyara da yawa suke fara yi, ba ya cikin jerin nan. Daga musabbabai biyar da aka kawo, huɗu suna tafiya ne tare da fayil ɗin, don haka za su dawo da zarar an mayar da shi.

4.6 Rigakafi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko shi ne a raba rumbun gida biyu: jadawalai a fayil ɗaya, fom da umarni a wani fayil, kowane ma'aikaci da nasa kwafin na biyun. Ta haka idan fom ya lalace sai a musanya shi ba tare da an taɓa bayanai ba. Na biyu, kowane umarni ya kasance da tanadin tare kuskure, wanda zai rubuta lamba da sunan fom da lokaci a wani jadawali, ya kuma yi wa ma'aikaci bayani da Hausa. Wannan jadawali shi ne zai ba magini da ke Kano damar gano matsalar ofishin da ke Riruwai ko Kwanar Ɗangora ta waya. Na uku, duk binciken ingancin bayanai, kamar hana ranar Penta ta uku ta riga ta farko, a rataya shi a matakin tantancewa, kada a bari sai matakin rufewa. Na huɗu, a kashe zaɓin matse fayil a duk lokacin rufewa a wuraren da wuta ba ta da tabbas. Na biyar, a yi aiki daga faifan kwamfuta, filashi ya zama na ɗaukar kwafi kawai, a kuma riƙa gwada batirin na'urar riƙe wuta. Daga ƙarshe, kada a yar da rajistar takarda, domin ita ce ma'aunin da ake gane asarar shiru da shi.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa rufe fom matakai shida ne masu bin juna, kuma ƙaramin fom yana tafiya ne bayan babba. An kasa alamun matsalar gida huɗu, aka nuna cewa mafi haɗarinsu ita ce wadda ba ta da saƙo. An kawo musabbabai biyar da matakai takwas na bincike, waɗanda ma'aikacin da ya sami ɗan horo zai iya bin huɗun farko da kansa kafin ya nemi magini. A babi na gaba za a duba tsarin ajiye kwafi da dawo da bayanai bayan lalacewar fayil, tare da la'akari da ofisoshin da ba su da intanet mai ɗorewa.